Tambayoyin Mai Sola

Ku da kuka cika min waya da saƙonni kuna cewa in ji tsoron Allah in daina zargin mutumin nan, ku gyara zama. Wata har cewa ta yi idan ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, bari ki ji abin da ya faru tukuna.

Wanda yau ya fara biyo ni, ga yadda abin yake. Lokacin ina shekarar ƙarshe, ina koyon aikin ba da shawara a makarantu, wato malamar nan da yaro ke zuwa wurinta idan abin duniya ya ishe shi. Malamarmu, wadda muke kira Dakta, ta ce ta gaji da mu haddace littafi mu amayar mata a takardar jarrabawa. Sai ta rarraba mu makarantun da ba su da mai wannan aiki, mu yi musu hidima kyauta, ƙarshen mako mu dawo mu zauna a da'ira a gabanta, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya koya. Wanda makarantarsa ba ta yaba da aikinsa ba, sai dai ya maimaita shekara.

Tawa makarantar tana can ƙarshen gari, inda bas ke juyawa. Ɗakin da suka ba ni tsohon ɗakin ajiya ne, cike da karyayyun bencina da ƙwallayen da ba su da iska. Ni na share, na wanke, na ɗauko tsohon labulen falon Umma na rataya, na jera kujerun roba. Tagarsa ɗaya ce, tana kallon katangar baya, daidai inda bulo ya zube aka toshe da raga.

Shi kuwa wanda kuke karewa, abokin Yayana ne. Shi ya sa mana sola a gida, shi ya sa Umma ba ta kiransa da komai sai Mai Sola, kuma duk sanda aka ɗauke wuta fankarta ta ci gaba da juyawa sai ta sa masa albarka. Lokacin da yake aikin, ko ruwa na kai masa batir yake kallo yana cewa ya gode. Ban taɓa kama shi yana kallona ba. Kwatsam ina fara zuwa makarantar sai ga saƙo: "Barka da yamma, Malama. Fitilunku lafiya?" Daga tambayar fitila aka koma tambayar mai fitila. Kafin in ankara har an fara maganar iyayensa su zo su ga namu.

Ranar da hankalina ya fara tashi, Mai Sola ya zo zance, ina ɗaki ina guga Umma ta leƙo.

"Wannan baƙar rigar za ki sa? Ta'aziyya za ki?"

"Umma, falo kawai zan fita."

"Ɗauko ruwan zumar nan mai aiki a wuya. Ki shafa wani abu a leɓen nan, kin yi kamar wadda ta tashi daga jinya."

Na sa ruwan zumar, na yafa mayafi mai ruwan madara. Ba don ta ce ba, ni ma na san ita ce ke karɓata.

Na same shi a bakin kujera kamar kullum, farar riga ta sha guga, bayan hannayensa duk tabon wayar wuta. Ya kawo wa Umma sabon ƙwan fitila na kicin. Ni kuma ya miƙo min 'yar ƙaramar fanka mai caji.

"Ta ɗakinki ce na makaranta. Ɗakunan bayan nan ba sa samun iska."

Na juya fankar a hannuna. "Ni na ce maka a baya yake?"

Ya yi dariya, amma sai da ya ɗan jinkirta. "Ai masu irin aikinku kullum can baya ake kai ku."

Na bar ta ta wuce. Muka taɓa hirar zafin gari, da wani mai gida da ya sa ya hau rufi sau ba adadi saboda firji. Ina dariya har da riƙe baki, sai ya ajiye kofin shayi.

"Malama, in yi tambaya mana. Idan yarinya ta faɗa miki wani abu, dole ne ki kai wa shugabar makaranta?"

"Ya danganta."

"Da me?"

"Da ko abin zai cutar da ita."

"Idan uba ne ya zo da kansa ya tambaya fa?"

"Kai kuma yaushe ka shiga ajinmu?"

"Sha'awar aikinki nake yi, ranki ya daɗe."

Sha'awa. Wannan ce tambaya ta nawa? A waya ma haka yake yi. "Malamar sirri, an tashi lafiya? Yau wa ya yi kuka?" Da ina ɗauka wasa ne, har in tura masa fuskar dariya.

Da ya tafi na tarar da Yaya a kicin yana cin abinci a tsaye, a cikin tukunya, abin da Umma ta hana shi tun yana firamare.

"Ki riƙa gode min, ni na haɗa ku," ya ce da cikakken baki. "Ranar da na ce masa an tura ki makarantar can ta ƙarshen gari, a take ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce in ba shi lambarki."

"A take?"

"Ko numfashi bai yi ba."

Yaya na dariya, ni kuwa ina lissafi. Mutumin da ya yi kwanaki a kan rufinmu bai san launin fuskata ba, sunan makaranta kawai ya ji ya nemi lambata?

Kafin ku ce na cika ƙorafi, bari in faɗa muku abin da nake riƙe da shi. Labarin wata yarinya ne, kuma sai da ta yarje min kafin na taɓa shi a nan, bisa sharaɗin kada sunanta ya fito. Zan kira ta 'Yar Taga, don tun ranar da ta fara shigowa ɗakina ba ta taɓa zama ko'ina ba sai jikin tagar nan.

'Yar ajin ƙarshe ce, siririya, kayan makarantarta kullum tsaf, safarta fara ƙal. Lokacin hutun tara 'yan mata sukan cika min ɗaki, wannan ta kawo ƙarar ƙawarta, waccan tsoron jarrabawa ya hana ta barci. Ita ba ta cewa uffan. Sai an yi nisa ta miƙe, "Malama, zan sha iska," ta fita. Dakta ta koya mana kada mu tsoraci shiru, mu bar shi ya yi aikinsa. Na bar ta.

Wata rana na ɗaga labule don in karkaɗe ƙura, sai na gan ta a jikin ragar nan. A ɗaya ɓangaren wata mata ce a tsugune, mai shuɗin mayafi, ta zuro yatsunta ta ragar tana gyara mata wuyan riga. Yarinyar da ban taɓa ganin haƙorinta ba tana ƙyalƙyala dariya. Ta ɗago muka haɗa ido. Na saki labulen.

Bayan an tashi ta dawo ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mamata ce. Sun rabu da Baba. Ya ce ranar da ya ji na gan ta, zai cire ni daga makaranta ya kai ni wurin 'yan'uwansa can nesa. Malama, saura kaɗan mu yi jarrabawar fita. Don Allah."

Na zaunar da ita. Na tambaye ta ko maman ta taɓa cewa za ta gudu da ita, ko tana ba ta wani abu da take ɓoyewa, ko akwai mai dukanta a gida. Duk ta ce a'a. Sai na faɗa mata abin da aka koya mana mu faɗa, kuma har zuciyata na faɗe shi: abin da ta faɗa a ɗakin nan nata ne, ba zai fita ba, sai fa idan na ga za a cutar da ita, kuma ko a nan ita zan fara sanarwa. Daga ranar bakinta ya buɗe. Har mun fara shirya yadda wata rana za ta iya yi wa babanta maganar da kanta.

To ku faɗa min, mai riƙe da wannan, idan namiji ya zo yana tambayar ɗakin baya da haƙƙin uba, me za ta ji?

A gida kuwa an sa ni a gaba. Gwaggo ta turo saƙon murya mai tsawon wa'azi: "Ke 'yar nan, na ji kina ja masa aji. Yaro mai sana'a, mai kunya, ba ya shan komai sai shayi. Karatun ba wa 'ya'yan mutane shawara kike yi, ke ga ki kin kasa ba kanki." Umma ta kunna shi a falo da ƙarfi, wai ba ta iya rage murya ba.

Na ce wa kaina ƙila sharrin zuciya ne. Har na kai fankar makaranta, na ɗora ta a kan teburi.

A makon ne, lokacin hutun tara, 'Yar Taga ta fita shan iskarta. Na ɗan ja gefen labule yadda na saba, don in tabbatar matar ce ba wani ba. Ita ce. Amma a bayanta, a bakin titi, sai a ranar na lura da wata farar mota mai tsani a ɗaure a sama. Na san tsanin nan. Ƙafarsa ɗaya an naɗe ta da jan tef, ni da kaina na taɓa riƙe wa Mai Sola shi a tsakar gidanmu. Gilashin motar a rufe, amma akwai mutum a ciki.

Na saki labulen. 'Yan matan da ke ɗakin suna ta surutu, ban ji ko ɗaya ba.

Aka buga ƙararrawa, suka watse. 'Yar Taga ta dawo ɗaukar jakarta, fuskarta a sake, har tana ce min mamanta ta samu aikin ɗinki. Wayata tana kan teburi kusa da fankar. Sai ta kama ruri, hoton Mai Sola ya cika fuskar wayar, yana murmushin nan nasa na gefen baki.

Yarinyar ta ƙame.

"Malama, a ina kika san shi?"

"Kin san shi ne?"

"Baba Ƙarami ne. Ƙanin babana. Gidanmu ɗaya." Idonta ya sauka kan fankar. "Wannan ma irin ta shagonsu ce."

"Tsaya ki ji, wallahi ban..."

"Kin faɗa masa." Ba da ihu ta faɗa ba, da ma ihun ta yi. "Kin ce ba zai fita ba."

Ta fizgi jakarta ta fita da gudu. Na bi ta har bakin baranda, na tuna idan na ɗaga murya duk makaranta za ta juyo. Na tsaya ina kallon bayanta. Wayar ta katse, saƙo ya shigo: "Na biyo ta unguwarku ta aiki. In jira ki in rage miki hanya?"

Bas na hau. Washegari kujerar taga ba kowa. Ranar da ta biyo baya ma haka.

A da'irar ƙarshen mako kowa ya yi ta ba da labari. Wani ya ce yaran makarantarsa sun ɗauka ɗan sanda ne, wata ta ce an mayar da ita mai gadin aji. Da aka zo kaina na ce komai lafiya. Dakta ta kalle ni ta saman gilashi, da aka tashi ta tsayar da ni.

"Ke, dawo. Yau bakinki yana nan, idonki yana wani gari."

Na faɗa mata, ban kama suna ba. Ta saurara har na gama, tana juya murfin biro.

"Abu biyu," ta ce. "Ba za ki riƙe yarinyar nan da manemin nan a lokaci guda ba. Ko ki miƙa ta ga wata a cikin 'yan ajinku, ko ki dakatar da shi har zango ya ƙare. Na biyu, ki tambaye shi duk abin da kike so, amma ko cewa tana shiga ɗakinki kada ya ji daga bakinki."

"Dakta, idan kuma ina son sa fa?"

"Da ba kya son sa ai da ba ki tsaya kina murɗe gefen mayafi kamar zai yage ba. Wannan ne abin da ba ya cikin littafin. Shi ya sa na tura ku."

Da yammacin Asabar Mai Sola ya zo. Ban sa ruwan zuma ba, da rigar zaman gida na fito, ko hoda ban shafa ba. Umma ta bi ni da harara har na shige falo.

Ban bari ya gama gaisuwa ba.

"Me motarka take yi a bayan makarantarmu?"

Ya kalli makullin da ke hannunsa, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Kin gan ni ke nan."

"Na ga tsanin."

Ya sauke numfashi. "Yayana ne ya riƙe ni tun da mahaifinmu ya rasu. A gidansa nake kwana, a shagonsa na koyi aiki, motar ma tasa ce. Farkon zango ya ce yana zargin tsohuwar matarsa tana zagayawa makarantar 'yarsa, in riƙa duba masa. Ranar farko na gan su. Yarinyar da ba ta dariya a gida na gan ta tana dariya har da riƙe ciki. Na koma na ce masa ban ga komai ba. Tun daga nan nake ajiye motar a wurin, don kada mai wucewa ta titi ya hango su."

"Ni kuma ta ina na shigo?"

"Ta tagarki. Na ga an rataya labule a ɗakin da ba kowa, na ji an kawo sabuwar malama. Na ce idan ta gani ta kai rahoto, shi ke nan. Sai Yayanki ya ce ke ce."

"Sai ka ce bari ka toshe min baki da soyayya."

"Da farko so nake in san wace iri ce ke. Ba zan ɓoye miki wannan ba." Ya ɗago ya kalle ni. "Amma ba don wannan nake guge riga yanzu ba."

Jama'a, zuciyata ta so ta yarda. Har na ji idona ya kawo ruwa. Sai wata zuciyar ta ce min: ke, idan aiko shi aka yi ya tatsi bakinki, wane labari zai kawo da ya fi wannan? Kalma ɗaya yake jira. Ina cewa "Allah ya saka maka," na tabbatar masa da matar, da katangar, da komai.

"Ban san yarinyar da kake magana a kai ba," na ce.

"Tun ranar nan ta kulle kanta a ɗaki. Ba ta cin abinci."

Na dafe hannun kujera. Ina son in tambaya ko ta yi rashin lafiya, ko an taɓa ta, ko wani ya shiga ya zauna da ita. Na haɗiye duka.

"Allah ya ba ta lafiya, ko wace ce. Kada ka sake kira na har zango ya ƙare."

Sai ya miƙe, ya ce in gaida Umma, ya fita. Bai san Umma tana bayan labule da faranti a hannu ba.

"Me kunnena ya ji? Korar sa kika yi?"

"Umma, aiki ne."

"Aikin da ko sisi ba a biyan ki? Saboda 'yar mutane za ki kori mijin aure?" Ta dire farantin har kofi ya tuntsure. Ranar ko fankarta ba ta kunna ba, wai ba za ta sha iskar wanda aka wulaƙanta a gidanta ba.

Ranar Litinin ina shiga makaranta aka ce Shugabar makaranta na nemana. A bencin bakin ofishin na ga 'Yar Taga, cikin kayan makaranta, ta rame, idonta ya kumbura. Na ce, "Sannu." Ta kawar da kai.

A ciki Shugaba tana bayan babban teburinta. Gabanta wani dattijo ne mai furfura a gemu, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa. Na yi zaton zan ga mai zafin kai, sai na ga mutumin da bai yi barci ba. A gefensa kuwa, kansa a ƙasa, Mai Sola.

"Wannan ce malamar," in ji Shugaba. "Mahaifin ɗalibarmu ne."

Na gaishe shi. Ya amsa a hankali.

"Malama, 'yata ta daina cin abinci. Tana kuka tana cewa malamarta ta ci amanarta. Na ce wace amana, ta yi shiru. Ni ban san akwai amanar da 'yata za ta ba wani ni ban sani ba. Ƙanina ya ce ya san ki, ya ce ba kya ƙarya. Shi ne na zo in ji daga bakinki."

Na kalli Mai Sola. Bai ɗago ba. To ga shi nan, na ce a raina, ya kasa samu a falo ya kawo ni ofis.

"Mahaifi ne, yana da haƙƙi," Shugaba ta ce. "Kuma ki tuna ni ce zan faɗa wa malamarku yadda kika yi aiki a nan."

Na gane. Shekara guda ce ta ɗora min a kan teburi. Na tuna Umma, na tuna Gwaggo da abin da za ta ce idan na rasa mijin na kuma rasa shekarar.

"Baba," na ce, "da akwai abin da zai cutar da ita, da ni zan neme ka kafin ka neme ni. Amma abin da yara ke faɗa a ɗakina nasu ne. Ba na fita da shi."

"Ko ga uba?"

"Ko ga uba, sai da yardarta."

Ya gyaɗa kai kamar wanda dama ya san haka za a yi. "To shi ke nan. Makarantar da ake ɓoye wa uba abin da ya shafi 'yarsa ba wurin zamanta ba ne. Shugaba, a haɗa min takardunta. Yau zan tafi da ita."

"Ranka ya daɗe, jarrabawa fa ta matso..."

"A haɗa min."

"Yaya."

Duk muka juya. Mai Sola ya miƙe tsaye. Ya ɗaga murya fiye da yadda ɗakin ke buƙata, kuma na lura ƙofa ya fuskanta.

"Uwarta take gani, a katangar baya. Na sani tun farkon zango, na ce maka ban ga komai ba. Da motarka nake kare su. Malamar nan ba ta taɓa faɗa min komai ba. Na bi ta kowace hanya na tambaya, ƙarshe kora ta ta yi. Idan akwai wanda ya ci amana ni ne, kuma taka na ci. Ka bar yarinyar ta yi jarrabawarta."

Abin da na riƙe har na kusa rasa shekarata a kansa, ga shi ya zubar da shi a tsakar ɗaki. A lokacin ban san ko ceton yarinyar ya yi ba, ko wanke kansa yake yi a idona, ko kuma dama can an shirya a zo nan a ƙare maganar. Na kalli fuskarsa ina neman amsa, ban ga komai ba sai gumi.

Dattijon bai yi ihu ba. Ya miƙa wa ƙanin nasa hannu.

"Ba ni makullin motar."

Mai Sola ya ajiye shi a kan teburi. Ƙarar ɗan ƙarfen nan ta cika ɗakin.

Sannan dattijon ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ke ma kin sani?"

Shugaba ta zuba min ido. Mai Sola ma, a karon farko, ya ɗago.

"Baba, ba zan ce maka eh ba, ba zan ce maka a'a ba. Amma mai maganar tana bakin ƙofar nan. Tun da na shigo muke magana a kanta, ba wanda ya ce ta shigo."

Kafin ya amsa, ƙofar ta motsa. 'Yar Taga ce. Ta ji komai, fuskarta ta nuna. Ta wuce Baba Ƙaraminta ba ta kalle shi ba, ta wuce teburin Shugaba, ta zo ta tsaya a gefena. Ba ta kalle ni ba ni ma. Sai dai na ji an kama gefen mayafina ta baya, an damƙe shi tam.

"Baba," ta ce, "kada ka tambayi Malama. Ni ka tambaya."